Tayin kwanton ɓauna: yadda ake cin gwanjon tsofaffin kaset ɗin gem daga Katsina

Ƙorafin da na fi ji a bakin masu tara tsofaffin kaset ɗin gem a nan Katsina kusan iri ɗaya ne. Mutum ya ga kaset ɗin Sonic ko Streets of Rage 2 a gwanjon eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, ya taya, aka nuna masa shi ne a sama. Kwana da kwanaki yana leƙawa safe da yamma, tayinsa na nan daram. Ranar rufewa, saura sakan huɗu, sai wani da bai taɓa nuna kansa ba ya faɗo ya ɗauke kayan da ƙarin dala ɗaya tak. Daga nan sai ka ji ana cewa an yi coge, ko kuma ai ba sa son ɗan Najeriya ya ci. Babu coge a ciki. Dabara ce sananniya, eBay bai hana ta ba, kuma wanda ke zaune a Ƙofar Ƙaura zai iya yin ta kamar yadda na Landan ke yi. Ni ina ce mata tayin kwanton ɓauna: ka lafe, ka yi shiru har ƙarshe, ka fito sau ɗaya.

Abin da na fi tarawa shi ne kaset ɗin Sega Mega Drive da faya-fayen PlayStation ta farko, don su muka taso muna bugawa a gidajen gem na cikin gari, lokacin da ake layi a kan Mortal Kombat da Winning Eleven. A kasuwanninmu, har da Sabon Gari ta Kano, abin da ka fi samu yanzu daga PS2 ne zuwa sama, kuma akasari kwafi ne. Na asali mai kwalinsa da ɗan littafinsa sai dai a waje, shi ya sa dole mu koyi gwanjon can.

Yadda injin yake lissafi

Sai ka gane wannan kafin komai, domin duk dabarar a kansa take. A eBay, abin da ka rubuta shi ne iyakar abin da za ka iya biya, kuma ba a nuna wa kowa shi. Injin ne ke taya maka kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da zai sa ka zauna a sama, har ya kai iyakar nan taka. Akwai matakin ƙari da aka ƙayyade: daga dala 5 zuwa ƙasa da 25 ana ƙara santi 50, daga 25 zuwa ƙasa da 100 dala ɗaya, daga 100 zuwa ƙasa da 250 dala biyu da rabi, daga 250 zuwa ƙasa da 500 dala biyar.

Ga misali. Kaset yana nuna dala 30 a allo, wanda ke sama kuma ya ɓoye iyakarsa a dala 45. Kai ka zo ka rubuta 61. Nan take injin zai ƙure 45 ɗinsa, ya ɗora ka a sama a kan dala 46, kuma in aka rufe haka, 46 za ka biya, ba 61 ba. In kuwa iyakarsa 70 ce, to ka faɗi ko da a sakan na ƙarshe ka taya, shi kuma zai biya 62. Ka ga ke nan ɗan uwan nan da aka ce an ƙwace masa kaya da dala ɗaya, Allah kaɗai ya san nawa wancan ya rubuta. Ta yiwu ya ninka nasa. Dala ɗayan da ya gani mataki ne kawai.

Abu na biyu, gwanjon eBay da muka saba yana da lokacin rufewa tsayayye. Mai kaya yana zaɓar kwana 1, 3, 5, 7 ko 10, kuma in sakan ɗin ya cika an rufe, ko da mutum goma na tsaye da kuɗi a hannu. In an yi kunnen doki a iyaka, wanda ya riga tayawa shi ke ci.

To in dai mai babbar iyaka ne ke ci, mene ne amfanin jira?

Da a ce kowa yana rubuta ainihin iyakarsa tun farko ya tafi harkarsa, da jiran bai da wani amfani. Amma mutane ba haka suke ba. Da yawa ba su san nawa kayan ya kai a zuciyarsu ba sai sun ga an wuce su. Ya rubuta 35, aka wuce shi, ya dawo da 38, aka sake wuce shi, zuciya ta ɗebe shi ya kai 50, alhali da safe da ka tambaye shi zai rantse ba zai haura 40 ba. In ka sa taka iyakar tun ranar farko, ka ba irin wannan mutum kwana shida yana cakar ta, ko dai ya haye ta, ko ya bar ka da tsadar da shi ya jawo. Duk wanda ya taɓa zuwa kara a Charanchi ko Mai'aduwa gab da babbar Sallah ya san wannan: ka tsaya kana shafa rago ɗaya kana yaba ƙahonsa, dillali ya gani, na kusa da kai ma ya gani, kuɗin ragon ya tashi tun ba ka buɗe baki ba.

Akwai kuma wani dalili da ya fi shafar mu masu tsohon kaya. Tayinka labari ne. In kai ka gane cewa cikin tarin kaset goma da wani ya ɗauka hoto a dishi-dishi akwai guda ɗaya mai wuyar samu, tayinka na farko shi zai sa wasu su dawo su ƙura wa hoton ido. Masana tattalin arziki biyu, Alvin Roth da Axel Ockenfels, sun buga bincike a 2002 inda suka kwatanta eBay da gwanjon da Amazon ke yi a wancan zamani, wanda shi ba ya rufewa sai an yi minti goma babu wanda ya ƙara. Sun tarar tayin ƙarshen lokaci ya fi yawa nesa ba kusa ba a eBay, ya fi yawa a kayan tarihi fiye da kwamfutoci, kuma ƙwararrun eBay sun fi sababbi jinkirta tayi. Roth ɗin nan shi ne ya samu kyautar Nobel a 2012. Tsohon kaset kayan tarihi ne, ido ne jarin mai saye, kuma bai kamata ka raba jarinka kyauta ba.

Jiran yana da nasa hatsarin, ba zan ɓoye maka ba. Mai kaya in ya ga shiru babu tayi yana iya janye kayansa. Wani kayan kuma yana da farashin saye-nan-take a gefe, wanda galibi yake ɓacewa da zarar an yi tayin farko. In ka yi shiru, wani na iya zuwa ya biya ya ɗauke. Idan na ga irin wannan kuma kayan ya shiga raina, nakan jefa mafi ƙanƙantar tayi tun farko, sannan in koma in lafe.

Lambarka

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutanenmu suka fi sakaci. Dannawa a sakan na ƙarshe yaro ma zai iya. Sanin abin da za ka rubuta shi ne ke buƙatar zama.

Kada ka duba farashin da masu kaya suka rataya, kowa na iya rataya abin da ya ga dama. A wurin tace sakamakon bincike na eBay akwai zaɓin nuna kayan da aka riga aka sayar. Shi za ka danna, ka ga abin da mutane suka biya da gaske a 'yan makonnin baya. Shafin PriceCharting ma yana tattara wannan, ya raba maka gida-gida: kaset tsirara, mai kwali da littafi, da wanda ba a taɓa buɗewa ba. Ratar da ke tsakaninsu tana da girma ƙwarai, don haka ka tabbata irin naka kake kwatantawa da irin naka. Ka watsar da wanda ya fi kowa tsada da wanda ya fi kowa araha, ka kama na tsakiya.

Kada labarin manyan gwanjo ya ruɗe ka. A watan Yulin 2021 kamfanin Heritage Auctions ya sayar da Super Mario 64 da ba a buɗe ba a kan dala miliyan 1.56, kwana biyu bayan ya sayar da The Legend of Zelda a kan dala 870,000. Tun daga lokacin wasu masu kaya ke ganin duk abin da aka rubuta wa Mario zinariya ne. Waɗancan kaya ne da ke cikin ledarsu ta asali, an tantance su an rufe a gilashin roba, kasuwarsu daban ce da tamu. Super Mario 64 an sayar da fiye da kwafi miliyan 11 a duniya. Wanda aka buga aka more ba abu ne mai wuyar samu ba, in wannan ya wuce ka wani na tafe.

Bayan ka san kuɗinsa a can, sai ka yi lissafin Katsina, wanda Ba'amurken da kuke takara da shi ba ya yi. Fara daga ƙarshe: nawa zan iya fitarwa a naira, kaset ɗin nan ya iso hannuna, ban taɓa kuɗin cefane ko na makarantar yara ba? Ka mayar da shi dala a farashin da katinka zai caje ka, wanda sau da yawa ya ɗara wanda kake ji a labarai. Daga ciki ka cire kuɗin aike na cikin ƙasarsu, ka cire harajin saye, ka cire kuɗin wanda zai turo maka zuwa Najeriya, ka ware wani abu saboda kwastan, har da kuɗin mota daga Kano ko Abuja in a can kayan za su sauka. Abin da ya rage shi ne lambarka. A ce ka ware abin da ya kai dala 100, aiken cikin gida ya ci 6, haraji 5, turowa 25, ka ajiye 4 don ko-ta-kwana: lambarka 60 ce, ko da a can ana sayar da shi 75. In haka ne, wannan kaset ɗin ba rabonka ba ne a wannan karon, sai ka jira wanda zai faɗo ƙasa, ko ka haɗa kaya da yawa a turo tare don kuɗin turowa ya rabu.

A kan haraji: eBay na karɓar harajin saye gwargwadon jihar Amurka da za a kai kayan. Jihohin Delaware, Oregon, Montana da New Hampshire ba su da wannan haraji, shi ya sa kamfanonin turo kaya da yawa ke ajiye rumbunsu a Delaware ko Oregon. In kana zaɓar kamfani, ka duba wannan.

Sannan ka gwada lambar da tambaya ɗaya. In aka ce wani ya ci da dala ɗaya sama da ita, zan ji haushi? In za ka ji, ba ka kai iyakarka ba, ƙara. Ka yi ta ƙarawa har ka iso inda za ka ce, a wannan kuɗin kam ya je da shi, Allah ya sa masa albarka. Rubuta ta a takarda tun da rana, cikin natsuwa, kafin dare ya yi zuciya ta fara ba ka shawara.

Kuma kada ka tsaya a cikakkiyar lamba. Mutane suna son 50, 60, 100. Kai rubuta 60 da santi 37, ko 101 da santi 12. Muddin tayinka ya kai mafi ƙarancin abin da allo ke nema a lokacin, ko da santi kaɗan ka ɗara ɓoyayyar iyakar wancan, kai ne ka ci.

Duk wannan lissafi banza ne in kaset ɗin jabu ne, kuma jabu sun cika kasuwa, musamman Pokémon na Game Boy. Tambayoyinka ka yi su tun saura kwanaki, don a daren ƙarshe ba mai amsa maka. Nemi hoton baya da na bakin kaset. A kaset ɗin Super Nintendo da Nintendo 64 na asali akwai 'yan lambobi da aka danna a jikin takardar baya, a na Game Boy kuma a takardar gaba. Sai ka karkata shi ga haske kake ganinsu. In kuɗin da yawa ne, roƙi a buɗe a ɗauko maka hoton allon ciki. Faifan PlayStation ta farko na asali bayansa baƙi ne. Wasannin da ke ajiye ci gabanka a cikin kaset suna da ɗan batiri irin na agogo, kuma bayan shekara talatin da yawansu sun mutu; mai gyaran rediyo zai canza maka, amma ka san da shi. Duba kuma yankin kaset ɗin. A tsarin talabijin, Najeriya PAL take bi irin na Ingila, Amurka da Japan kuwa NTSC, kuma na'urori da yawa ba sa karɓar wasan wani yanki. Wanda ke da Mega Drive ta Turai, gwanjon Ingila ya fi masa sauƙi ta kowace fuska.

Abin da ke kayar da mu tun kafin a fara

Wani ƙanena ya kira ni wata safiya rai a ɓace. "Yaya, wallahi na danna saura sakan takwas, sai ya ce wai ba zan iya tayawa ba." Na ce, "Wane adireshi ne a akawun ɗinka?" Ya ce na gida, Sabuwar Unguwa. Matsalar ke nan. Masu kaya da yawa sun toshe ƙasashen da ba sa aikawa, kuma sau da yawa ba za ka ankara ba sai ka danna. Mai tayin farko yana da kwanaki ya gyara, mai kwanton ɓauna ba shi da ko minti ɗaya. Don haka in kana da adireshin kamfanin turo kaya ko na ɗan uwa a Amurka ko Ingila, ka mai da shi babban adireshinka a akawun tun kafin ranar. Wasu kuma suna toshe wanda ya taɓa ci bai biya ba, wasu gwanjon ma sai ka saka katin biya kafin a karɓi tayinka.

Katin ma ka gwada shi. Dokokin bankuna kan sayayyar waje da katin naira suna yawan canzawa, kuma akwai iyakar abin da za ka kashe. Sayi wani ƙaramin abu da shi mako guda kafin gwanjon, ka tabbata yana wucewa, kuma kuɗin na ciki. In akawun ɗinka sabo ne fil, waɗannan ƙananan sayayya suna tara maka shaidar kirki, wadda masu kaya ke dubawa.

Sai agogo. Mu ba ma canza lokaci, su suna canzawa. Daga Lahadi ta biyu a watan Maris zuwa Lahadi ta farko a Nuwamba, muna gaban gabashin Amurka da awa 5, muna gaban yammacinta da awa 8. Sauran watanni ya zama 6 da 9. Masu kaya a can suna son rufe gwanjo da maraicen Lahadi, to ƙarfe 7 na yamma a Kalifoniya ƙarfe 3 ne na dare a Katsina, ko 4 lokacin sanyinsu. Ingila kuwa lokacinmu ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, bayan nan muna gabansu da awa ɗaya. Abin da na fi so shi ne kayan da mai shi ya yi kuskure ya sa zai rufe da tsakar darensu ko da hantsin ranar aiki. Su suna barci ko suna ofis, mu kuma ido biyu, masu lafewa ba su da yawa.

Dannawar kanta

In da hannu za ka yi, ga yadda nake yi. Saura kamar minti goma in shiga akawun, don kada a tambaye ni kalmar sirri ko lambar tabbatarwa a ƙurarren lokaci. Waya cike da caji, an kashe duk wani abu mai jan data, layi na biyu na kusa. Ba na dogara da intanet ɗin da ke jingine da wutar lantarki, don ana iya ɗauke ta a kowane lokaci. Ka san kuma inda sabis ya fi ƙarfi a gidanku. A namu tsakar gida ne. Saura minti ɗaya in rubuta lambar da ke takarda, in duba ta sau biyu, musamman ɗigon da ke raba dala da santi, domin 60.37 da 6037 ba ɗaya ba ne, kuma janye tayi a ƙarshen gwanjo ba abu ne mai sauƙi ba. Sai in tsaya a maɓallin tabbatarwa ina kallon agogon shafin.

Za ka ji ana cewa a danna saura sakan biyu ko uku. Wannan shawarar mai intanet ɗin da ba ya tangarɗa ce. A sabis irin namu, ni ina dannawa tsakanin sakan 10 da 12. Abin da kake buƙata kawai shi ne kada ɗan Adam ya samu sararin ganin an wuce shi, ya yi tunani, ya rubuta sabuwar lamba, ya tabbatar. Sakan goma sun yi masa kaɗan in bai shirya ba. Sauran masu kwanton ɓauna kuwa, ko ka riga su ko su riga ka, mai babbar lamba ne zai ci, kuma in kun yi daidai rigayen ma riba ce a gare ka. Tayin da ya makara da rabin sakan daidai yake da wanda ba a yi ba.

Da ka danna, ajiye wayar. In ka ga an wuce ka, kada ka bi. Lambar da ka ƙirƙira cikin sakan biyar da ƙarfe ukun dare, zuciya na bugawa, ba ta bi ta lissafin naira ba, kuma ita ce ke sa mutum ya wayi gari yana neman rance saboda kaset.

Akwai shafukan da ke yi maka dannawar, irin su Gixen, wanda ake iya amfani da shi kyauta, da Auction Sniper. Ka ba su lambar kayan da iyakarka, kwamfutocinsu su jefa tayin saura 'yan sakanni, kai kana barci. Ga mutumin Katsina wannan ya fi hannu a ganina, don ya kawar da matsalar sabis, ya bar ka ka tashi Asuba da ƙarfinka, kuma ya raba ka da wayar a lokacin da ta fi hatsari. Suna da wata hikima kuma: in kaset iri ɗaya na gwanjo a wuri uku, ka haɗa su rukuni guda, da ka ci ɗaya sauran su soke kansu. Sai dai ka sani kana ba wani izinin shiga akawun ɗinka ne. Ka tsaya ga sanannu, kalmar sirrin nan kada ta zama ita ce ta imel ɗinka ko ta banki, kuma ka fara gwada shi a kan ƙaramin kaya. Ka riƙa leƙawa ma kafin ka kwanta, don in farashi ya riga ya haura lambarka, ba abin da zai jefa.

Inda dabarar ba ta ci

Mai neman kayan Famicom da Super Famicom (na'urorin Nintendo na Japan) da Mega Drive ta can, ƙarshenta sai ya je gwanjon Yahoo na Japan, ta hannun wakilai irin su Buyee ko ZenMarket, tunda ana buƙatar adireshin can. Wurin yana da daɗi a gare mu ta fuska biyu. Suna gabanmu da awa 8, don haka gwanjon da zai rufe ƙarfe 10 na darensu ƙarfe 2 ne na rana a nan. Kuma na'urorin nan da muka buga Contra da Super Mario a kansu muna yara, masu kaset ruwan ɗorawa da aka rubuta wa wasa dubu tara da wani abu, kwaikwayon Famicom ne ta 1983, mai haƙora 60 a bakin kaset, ba NES ta Amurka mai 72 ba. Wanda ke neman na asalin abin da ya sani, a Japan yake.

Amma can mai kaya na iya kunna ƙarin lokaci, kuma da yawa suna kunnawa: in aka ƙara tayi a minti biyar na ƙarshe, sai a ƙara wasu minti biyar, haka har sai kowa ya gaji. Lafewa zuwa sakan na ƙarshe ba ta hana kowa mayar da martani a nan. Ga shi kuma tayinka ta hannun wakili yake bi, yana ɗaukar lokaci. Abin da nake yi shi ne in jira har saura kamar minti goma sha biyar, in sa lambata sau ɗaya, in rufe shafin. Gwanjo mai ƙarin lokaci shi ya fi cin kuɗin mai zuciya, don kowane minti biyar ana sake ba shi damar ƙarawa. Ko a wane shafi kake, karanta ƙa'idar rufewar wannan kayan kafin ka tsara komai, tunda kamfanoni suna sauya dokokinsu. Ka lura kuma da kayan da Japanawa suka rubuta wa "janku": ba a gwada ba ko ya lalace, kuma ba a mayarwa.

Akan tambaye ni ko wannan lafewa ba zalunci ba ne. Ni ban ga zalunci a ciki ba: kowa an ba shi kwanaki iri ɗaya ya rubuta iyakarsa, kuma ni da niyyar saye na taya, da kuɗina a hannu. Abin da hadisi ya hana a gwanjo shi ne najashi, wato mutum ya taya ba don ya saya ba, sai don ya tsadar wa wani. Wannan kuwa ana yinsa a intanet, mai kaya ya buɗe akawun na biyu ko ya sa abokinsa ya riƙa tura farashi, kuma dokar eBay ma ta hana. Alamarsa a tarihin tayi: akawun marar shaida yana ƙara kaɗan-kaɗan har ya gano iyakar na sama, sannan ya janye. Wanda bai sa lambarsa da wuri ba, babu abin da za a tura masa. Mu ma kada mu yi wa juna. In ka san ɗan uwanka na Daura yana bin kaset ɗin da kake bi, ku yi magana tun farko.

In ka ci, biya a ranar. eBay na ba da kwana huɗu, bayan nan mai kaya na iya sokewa a rubuta maka rashin biya, kuma irin wannan tabo ne ke sa a riƙa toshe mu gaba ɗaya. In ka faɗi sai saƙo ya zo ta imel ko WhatsApp cewa wanda ya ci ya fasa, ka turo kuɗi kai tsaye, kada ka kula. Tayin dama ta biyu na gaskiya, wato wanda mai kaya ke yi wa na biyu in na farko ya fasa, a cikin akawun ɗinka na eBay yake bayyana, kuma a nan ake biya. Roƙi mai kaya ya sa kwalin wasan cikin wani kwali mai tauri, domin tafiyar da zai yi kafin ya iso Katsina ba irin wadda ya saba aikawa ba ce. Ka san kuma cewa kariyar mayar da kuɗi ta eBay ba ta bin kaya bayan kamfanin turowa ya ɗauke su zuwa wata ƙasa, don haka ka biya ɗan abin da suke karɓa su buɗe su ɗauko maka hoto tun kayan na rumbunsu.

In na'ura ce ka ci ba kaset ba, ranar da ta iso kada ɗoki ya sa ka jona ta a bango. Wutarmu 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Karanta abin da ke rubuce a jikin cajar, ka nemi tiransifoma mai rage wuta ko caja ta zamani da ta dace da ita, kuma kada ka taɓa sa wa Famicom cajar NES, don irin wutar da suke fitarwa ba ɗaya ba ce, za ta ƙone ta.